Waye Ke Riƙe Da Takardar Maki?

Lokacin gasannin wasan kwaikwayo ya sake zagayowa, na makarantu da na ƙungiyoyin matasa da waɗanda kamfanoni ke ɗaukar nauyi don zaƙulo sabbin fuskoki, kuma sanarwar da ake ta yaɗawa duk kusan fasalinsu ɗaya. A jera hotunan alƙalai uku ko huɗu: ga mawaƙin da ke tashe, ga mai tarin mabiya a TikTok, ga wakilin kamfanin da ya zuba kuɗi. Can a gefe kuma, idan an yi sa'a, a liƙa hoton wani dattijo da ya yi shekara talatin ko arba'in a kan dandamali, a rubuta "uban taro" a ƙarƙashinsa. Shi za a ba kujera mai laushi, a tafa masa idan an ambaci sunansa, amma takardar ba da maki tana hannun wasu. Wannan tsari ya ishe ni, kuma cutarwarsa ta fi yawa a kan yaran da ake cewa don su ake shirya gasar.

Sana'ar nan tamu, mafi yawanta ba a rubuce take ba. Muna da littattafan wasa masu daraja, daga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, zuwa Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Amma abin da ya shigar da wasan kwaikwayo cikin zaure da tsakar gida shi ne rediyo da talabijin na Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato da Damagaram, kuma mutanen da suka yi wannan aiki galibi ba haddar rubutu suke yi ba. A zauna a tsara ƙashin labari, a raba wa kowa matsayinsa, sauran kuma ya rage ga bakin ɗan wasa da kunnensa. Marigayi Usman Baba Pategi tsohon soja ne na gaske kafin duniya ta san shi da Samanja Mazan Fama, shi ya sa Hausar barikin da ke bakinsa ba ta taɓa jin ƙanshin ƙirƙira ba. Marigayi Ƙasimu Yero ya yi Karambana da Hausa, ya fito a Magana Jari Ce, ya kuma tsallaka ya yi Cockcrow at Dawn da Turanci, duk Najeriya na kallo. Da aka zo zamanin bidiyo ma, ƙungiyar wasan dandamali ce, Tumbin Giwa ta Kano, ta fitar da Turmin Danya a 1990. Ilimin da waɗannan mutane suka tara, yana cikin kawunansu ne da na waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsu.

Mene ne wannan ilimi, ban da tarin shekaru? Wanda ya daɗe a dandamali yana gane bambancin dariyar da gwaninta ta jawo da wadda ihu da tsalle-tsalle suka jawo. Ya san ɗan wasan da ke sauraron abokin wasansa da wanda yake jira kawai a gama ya fizgo tasa maganar. Yana lura da yarinyar da aka ba matsayin baiwa, magana biyu kacal, amma tsayuwarta da kallonta suka riƙe fitowar gaba ɗaya. Darakta mai gogewa kuwa yana ganin abin da ya fi wannan: idan yaro ya juya wa jama'a baya yana magana, ya san ko laifin yaron ne ko na malamin da ya tsara tsayuwar, don haka ya san wanda zai rage wa maki da wanda zai kira gefe ya yi wa gyara. Alƙalin da bai taɓa jin yadda murya ke mutuwa kafin ta kai layin baya ba, da ƙarfin tafi zai yi hukunci, tafi kuwa makarantar da ta fi cika mota da magoya baya ita ke da shi. Kuma hukuncin bana shi ne darasin baɗi. Duk abin da aka ba kofi, shi sauran za su koma gida su kwaikwaya. A ba mai kwakwazo na ɗaya sau biyu a jere, shekara ta uku ba za a ji maganar kowa ba.

Na daɗe ina kuka kan kaset-kaset ɗin tsoffin shirye-shiryenmu. Matashin da ke son ya zauna ya nazarci Samanja ko Karambana daga fari har ƙarshe, ina zai je? Sai gutsattsarin da wani mai kishi ya ɗora a YouTube, hoto na rawa, murya na shaƙewa. To idan ba mu adana aikin ba, mutanen ma muka bar su a gefe, da me za a koyar? Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Abdullahi Shu'aibu Karkuzu na Jos a 2025. Shi Karkuzu sai da ya fito ya nemi taimako cikin tsufa da larurar ido, har ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Allah Ya saka wa Ahmed Musa da alheri, amma abin kunya ne ga masana'antar da ke shirya bikin karramawa a manyan otal-otal. Mun iya ta'aziyya. Ranar da ɗayansu ya faɗi, kowa zai rubuta cewa an yi rashin makaranta guda, alhali yana da rai ba wanda ya ɗauki alƙalami ya zauna gabansa. Wannan munafunci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Gasa kuwa, idan an ɗauke ta da gaske, tana gina sana'a. A Nijar zamanin Seyni Kountche, ƙungiyoyin samariya sun riƙa fafatawa a bikin matasa na ƙasa, kuma a wannan yanayi ne wasan Hausa na su Yazi Dogo ya bunƙasa. A Najeriya, gasar rubutu da sashen al'adu na gwamnatin tarayya ya shirya a farkon shekarun 1980 ita ta fito da Soyayya Ta Fi Kuɗi na Hadi Alƙanci, wanda har yau ake nazarinsa. Wasu ne suka zauna suka karanta da idon sani, suka zaɓa.

Za a ce tsofaffi suna da son kai, kowane yana da yaransa, kuma duk abin da bai yi kama da zamaninsu ba sai su ce lalacewa ce. Akwai gaskiya a ciki, don tsarin ubangida da yaro ya yi ƙarfi a Kannywood. Maganinsa sananne ne: wanda yaronsa ke cikin gasa ya janye daga wannan zagaye, kuma kowane alƙali ya faɗi dalilin makinsa a gaban jama'a. Wanda aka tilasta wa bayani, da wuya ya ɓoye son zuciya, kuma bayanin nan shi ne ribar da yaron da bai ci ba zai tafi da ita gida. A nan ne ma za a gane wanda ya cancanci kujerar, domin ba kowane gwanin wasa ne ya iya faɗin abin da ya gani ba. A nemi waɗanda suka taɓa horar da wasu, a haɗa su da malami guda daga irin sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da matashi guda mai aiki a yanzu. Masu cewa sai da fitattun fuskoki jama'a ke zuwa, to a ba fitattun gabatarwa, su buɗe taro su miƙa kofi.

Sannan a biya alƙalan, biya na aiki, da yarjejeniya a rubuce tun kafin ranar. Ambulan ɗin "kuɗin mota" da ake cusa wa dattijo a bakin ƙofa, bayan an kashe ninkin-ba-ninkinsa a kan fitilu da ado, shi ke nuna matsayin da aka ba hukuncinsa. Masu shirya gasar da ke tafe har yanzu suna da lokacin sauya jerin sunayensu, kuma sauran dattawan da suka yi rediyo da dandamali suna nan a Kaduna da Kano da Jos da Damagaram, an san gidajensu.