Wa Ya Miƙa Masa Kofin Farko?

Yau da tsofaffin ɗalibai nake magana. Yaro ya bar gida, uwarsa ta sayar da akuya ta biya kuɗin makaranta, ya shigo ɗakin kwanan ɗalibai bai san kowa ba. Kafin ya gane hanyar ajinsa an riga an koya masa inda ake sayar da goskolo da giyar leda. In ya ƙi sha, a ce masa ɗan ƙauye. Abin takaicin, wanda ya miƙa masa kofin farko sau da yawa ɗan ikilisiya ne, ranar Lahadi ma yana cikin ƙungiyar mawaƙa.

Kada ku kawo mini zancen bikin Kana. Wace alaƙa ke tsakanin bikin aure da ɗakin mutum takwas inda ake gasar wanda zai riga faɗuwa? Ko NAFDAC, da ba coci ba ce, a 2024 ta tashi hana sayar da giyar leda, don arharta ta sa har yara na saye.

Ku buɗe Daniyel sura 1. Shi ma ɗalibin kwana ne a Babila, karatun shekara 3, ruwan inabin kuwa daga teburin sarki, kyauta. Ya ƙi. Amma ku lura, ba shi kaɗai ba ne: Hananiya, Mishayel da Azariya na tare da shi. Sabon ɗalibinmu fa, wa ke tsaya masa? Zumuntar matasa takan neme shi a mako na uku. 'Yan kwalba tun daren farko suke ƙwanƙwasa masa ƙofa.