Wa ke ba da labarin nan naka?

'Yan uwana ɗalibai masu rubuta gajerun labarai, musamman na Gashuwa da Nguru, ku matso mu yi wata magana.

Labaran da ake turowa zaurukanmu na WhatsApp, in ka goge sunan marubuci, wallahi ba ka bambance na wane da na wance. Duk baki ɗaya ke magana: tauraruwa fara sol, mota ta tsaya a Maitama, maigadi ya wangale ƙofa. Mutum haifaffen Nguru, yana karatu a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, amma da ya ɗauki biro sai ya ari bakin wani. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Ni a ganina Hausa ba ta yi mana ƙaranci ba. Abin da ba mu yi shi ne tsayawa mu yanke: wa ke ba da labarin, wa yake ba wa, me ya sani, me yake jin kunyar faɗa?

Ku duba littattafai biyu da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ne ke ba da labarin kansa, ga wayo ga cika baki, kana dariya ko da ka san sharara ta yake yi. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, dattijon malami ne ke gaya wa almajiransa yadda ya sha bauta, a natse, ba gaggawa. Gasa ɗaya, harshe ɗaya, amma ko shafi guda aka karanto maka ka san waye.

To mu dawo gida. Masuncin Dagona ba zai tsaya yabon kyan ruwa ba, kachalla zai yi ta tsine wa don ta toshe masa hanyar kwalekwale. Tsohon da ya yi dako a tashar jirgin ƙasa ta Nguru, da lokacin gyaɗa yake auna komai. Ɗalibin da mahaifinsa ke kan wankin ƙoda, kuɗin mota yake lissafi ko a tsakiyar lacca. Ka zaɓi ɗaya a cikinsu, ka ga abin da idonsa ke gani kawai, murya za ta zo da kanta.

Na san wani zai ce ai Hausarmu ta cuɗu da Badanci da Manganci, alƙalan gasa za su ɗauka kuskure ne. Ka kiyaye ƙa'idar rubutu, wannan dole ne. Amma kakar da ke jefa kalmar Bade in ranta ya ɓaci, kar ka mai da ita mai karanta labaran rediyo. Ku tuna, labarin da ya ci gasar Hikayata ta BBC Hausa karon farko a 2016, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, kan 'yan gudun hijira yake, ba gidan attajirai ba.

Ga gwaji kafin hutu: ka rubuta shafi ɗaya sau biyu, da bakin uwa, sannan da bakin ɗanta. Ka karanta wa abokin ɗakinka da ƙarfi. In bai gane wa ke magana ba, da sauran aiki.

In ba mu rubuta Gashuwa da Nguru da bakinmu ba, baƙon da ya kwana biyu zai rubuta, kuma nasa za a koyar da ƙannenmu.