Ra'ayinmu: Kwana 15 da suka rufe ƙofar kotu

Duk wanda zai kai ƙarar gwamnati kan kuɗin da ya ce haƙƙinsa ne, fansho ko diyya, ya sani cewa alƙali kan fara duba kwanan wata tun kafin ya dubi gaskiyarsa. In wa'adin shigar da takarda ya wuce, ana iya korar ƙarar ba a saurari ko shaida ɗaya ba.

Haka ta faru da David Henderson, tsohon sojan Amurka na zamanin yaƙin Koriya, mai fama da taɓin hankali. A 2001 ya nemi ƙarin kuɗi don a kula da shi a gida, hukumar tsofaffin sojoji ta ƙi. Doka ta ba shi kwana 120 ya ɗaukaka ƙara, ya makara da kwana 15. Ya ce rashin lafiya ce ta hana shi, kotu biyu suka ce ba su da ikon ɗaga masa ƙafa. Sai ranar 1 ga Maris 2011 Kotun Ƙoli ta ce wannan wa'adi ba katanga ba ce da ba a tsallakewa. A lokacin Henderson ya rasu tun Oktoban 2010, matarsa ce ta ƙarasa shari'ar. Kuma hukuncin bai ba da ko dala ɗaya ba, ƙofar da aka rufe kawai ya buɗe.

Muna ganin Kotun Ƙoli ta yi daidai. Hukumar da kan riƙe takardar talaka shekara da shekaru, bai kamata ta fake da kwana 15 na majinyaci ba.

To amma kada ƴan kasuwarmu masu shiga Jibiya, Illela da Maigatari su ce Amurka nesa take. A Najeriya akwai dokar kare ma'aikatan hukuma, wadda aka gada daga Turawa tun 1916. Wata 3 kacal ta ba wanda zai kai ƙarar jami'in gwamnati kan abin da ya yi a bakin aikinsa, kuma jami'in kwastan na cikinsu. Mu kuwa mun san halinmu: in an kama kaya, sai a aika manya, a yi ta safa da marwa a ofis, ana cewa a dawo mako mai zuwa. Kotun Ƙolin Najeriya ta riga ta ce neman sulhu ba ya tsayar da lissafin wa'adi. Kafin mutum ya tuna da lauya, wata 3 sun shuɗe.

Dokar na da wasu kafofi, kamar in cutarwar na ci gaba, amma lauya ne zai tantance su, ba dillali ba. Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa su tanadi lauya daga kuɗin da suke tarawa, kuma duk wanda aka kama wa kaya ya nemi takarda mai kwanan wata, ya kai masa cikin makon farko, ko da ana kan sulhu.