Zuwa ga Masu Shagunan Kuɗin Waya na New Bell

'Yan'uwa masu zama ƙarƙashin lema, daga Marché Congo har Nkoulouloun.

Maganata a kan lambar sirri ce. Ɓarawon kuɗin waya ba kwamfutar MTN ko ta Orange yake fasawa ba. Ta bakin mutum yake shiga, kuma a unguwarmu ƙofar da ya fi tararwa a buɗe ita ce kunya.

Hajiya ta zo cirar kuɗin adashe, ta miƙo waya ta ce, "Ɗana, danna mini, shekarar haihuwar autana ce." Da ƙarfi ta faɗa, ga mai babur tsaye yana jiran canji. Kai kuma ka karɓa don kada a ce ka raina uwa. To, buga mata *126# ɗin ko #150#, in an zo kan lambar ka mayar mata da wayarta, ka kau da kai. In idonta ba ya gani, jikanta ya danna. Ran da kuɗin nan suka yi ɓatan dabo, sunanka za a fara ambata a ƙofar masallaci.

Sai yaron shago. Wanda aka sa sharar zaure ba a ba shi makullin ɗaka. Ka bar kuɗin aikin yini a layin shago, sauran jarin ya kwana inda kai kaɗai ka san lambarsa. Yaro ya bar aiki, ko da lafiya kuka rabu, ka sauya lambar a ranar. Kuma don Allah a daina 1234.

Mai kira ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure, kada ka gaskata saƙon da ka gani, duba abin da ke asusunka tukuna. Wanda ya ce daga kamfani yake, ya nemi lambarka ko lambobi shidan da WhatsApp ke turowa, kashe kiran.

Akwai dokar 21 ga Disamba 2010 kan laifukan intanet, ga kuma hukumar ANTIC, amma kafin ƙara ta yi nisa kuɗi sun sauya hannu. Saboda haka in layinka ya mutu haka kawai alhali na maƙwabcinka na aiki, mai yiwuwa wani ya karɓi sabon sim da lambarka. Rufe shago, ɗauki katin shaidarka, ka nufi ofishin kamfanin tun kafin la'asar.