Tausayin Abdulkarim da Wahalar Uwar Shaihu Umar

Ɗaliban Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari a nan Sakkwato da wuya a sami wanda bai san labarin Shaihu Umar ba, watau ɗan gajeren littafin nan da marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta domin gasar da aka shirya a Zariya cikin 1933, aka buga shi cikin 1934. Galibin masu karatu da sun rufe shi sai su shiga yabon Abdulkarim, Balaraben da ya sayi Umar a Kano, ya tafi da shi Ber Kufa ta ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama babban malami. Yabon ya dace, amma bai kamata a tsaya nan ba.

Abdulkarim dai fataken bayi ne, kuma da kuɗi ya sami yaron. Tausayinsa ya sauka a kan yaro guda wanda ya shiga ransa, alhali kuwa ayarin da ke ratsa Hamada bai fasa ɗaukar 'ya'yan mutane ba. Wannan irin alheri mai zaɓe ne, ba ya tambayar yadda aka yi yaro ya rabu da gidansu.

Inda labarin ya fi nauyi shi ne wajen uwar Umar. 'Ya ce, ba baiwa ba, matar Makau bafaden Kagara, wanda 'yan'uwansa fadawa suka yi wa ƙazafin ɓoye bayi bayan wani hari, sarki ya gaskata su ya kore shi daga gari. Ta fita neman ɗanta, wani mutum mai suna Ado ya yaudare ta a Kano da alkawarin zai kai ta gare shi, daga ƙarshe sai ga ta cikin bauta a Tarabulus. Tun daga ranar da aka sa mata sunan baiwa, maganarta ta daina tasiri. Baƙin cikinta ma sai ubangijinta ya ɗauke shi taurin kai, ya yi ta gallaza mata. Ta dai ga ɗanta, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu. Abin da ya faru ga Makau a fada shi ne ya faru gare ta a kasuwa: an yanke hukunci tun ba a saurari mai magana ba.

Mutanen Sakkwato sun fi kowa cancantar su lura da wannan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, cikin Wasiƙarsa ga mutanen ƙasar Sudan a farkon jihadin 1804, ya bayyana cewa bautar da 'yantaccen Musulmi haramun ne. Labarin Umar kuwa ya faru ne wajen ƙarshen wannan ƙarni, lokacin da son dukiya ya sa wasu masu iko suka yi watsi da hukuncin. Har ila yau, sa'ad da littafin ya fito, ba a gama soke bauta da doka a Arewa ba, sai cikin 1936. Ashe marubucin yana magana ne da mutanen da suka ga abin da idonsu.

Doka ta kawar da kasuwar, amma sunan bai mutu ba. Har yanzu akan sami gidan da za a binciki asalin mai neman aure, a ce kakansa bawa ne, a hana shi, ko da kuwa malami ne ko babban ma'aikacin gwamnati. Malaman da ke koyar da littafin nan ya kamata su riƙa tambayar ɗalibansu: da jikan Shaihu Umar zai zo neman aure unguwarsu, da wane suna za a kira shi?