Wa Ya Cancanci Magana da Yawunmu a Kudu?

Jama'a, duk lokacin da rikici ya taɓa mu a Kudu, kafin Sarkin Hausawa ya buɗe baki, mutum goma sun riga sun yi magana da yawunmu a Facebook da WhatsApp. Wannan ya ce an kashe hamsin, wancan ya ce ɗari. Gobe in ɗan jarida ya bincika ya tarar ba haka ba ne, to har gaskiyar da ke ciki ta tafi.

Mu duba abu biyu. A rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, a Fabrairun 2021, an yi asarar rayuka da dukiya, har Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar. Amma alƙaluman mamata sun yi ta cin karo da juna, kowa da nasa, sai muhawara ta koma kan lissafi maimakon hakkin waɗanda aka zalunta.

A Uromi ta jihar Edo kuwa, a Maris ɗin 2025, maganar ɗaya ce: mafarauta 16 aka kashe a hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, an san garuruwansu, an san iyalansu. Babu ƙofar musu. 'Yan sanda suka yi kame, Gwamna Monday Okpebholo ya tafi Kano ta'aziyya da ƙafarsa. Ban ce an share wa iyalan hawaye ba, amma ba wanda ya iya cewa ƙirƙira aka yi.

Ni a kara na tashi, gindin sana'ar mahaifina. A can, dillalin da ya ɓoye aibun sa sau ɗaya, mahauta sun gama da shi, ko zai yini yana rantsuwa. Wanda zai ce “wannan tana ɗingishi, rage kuɗin”, shi ake ba shanu bashi ba takarda. Haka abin yake a gaban DPO ko makirufon rediyo.

Saboda haka, wanda zai wakilce mu ya raba abin da ya gani da abin da aka ba shi labari. Ya zo da suna, rana da wuri. Kada ya ce kaf cikinmu ba ɓata-gari, domin mai masauki ya san akwai. Gara ya ce ga su, kuma mu ma ba mu yarda da su ba. In ba ya jin Yarbanci, Ibo ko Turanci sosai, ga yaranmu haifaffun Sabo da Agege, a sa su gaba. Kuma ya bar barazana: shi zai koma gida ya kwanta, mai shayi da ɗan acaba ne za su kwana a bakin titi.

Babbar riga da ɗaga murya ba su sa a yarda da mutum. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma in ya rufta, kanmu duka yake ruftawa. Allah Ya tsare mu.