Waƙoƙin su ne kaya, labarin kwali ne

Wannan makon filinmu zai ɗan huta da maganar kwastan da canjin sefa, mu leƙa silima. Sai dai ko can ma ciniki za mu tarar.

Daga 1942 zuwa tsakiyar shekarun 1950, kamfanonin fim na Amurka sun yi yayin wani irin fim. A ɗauko wani shahararren mai tsara waƙa da kiɗa na wasan daɓe, irin waɗanda suka yi suna a Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta birnin New York, a ce ga tarihin rayuwarsa. Na kalli da dama daga cikinsu, na kuma bi tarihin mutanen. Abin da na fahimta shi ne waƙoƙin na gaske ne, su ne kayan da ake sayarwa, labarin rayuwar kuwa kwali ne. Kamfani ya sayi izinin waƙoƙin mutum guda, ga taurari a hannunsa yana biyansu albashi, sai a nemi labarin da za a jera waƙoƙin a kansa. Duk wanda ya taɓa sayar da turare ya san aikin kwali.

Wanda ya fi su kyau a wurina shi ne Yankee Doodle Dandy na 1942, tarihin George M. Cohan. James Cagney ne ya fito a matsayinsa, ya kuma ci kyautar Oscar da shi, kuma wallahi ya cancanta, don mutumin yana rawa kamar ƙasa na ƙona masa ƙafa. Cohan ɗan gidan 'yan wasa ne masu asali daga Ireland. Shi da uwarsa da ubansa da 'yar'uwarsa Josie suna yawon gari-gari suna wasa, kwana yau nan gobe can, rayuwar da fatake ba sa buƙatar a yi musu bayaninta. Fim ɗin ya fito Amurka na cikin Yaƙin Duniya na Biyu, ana neman abin da zai ɗaga zuciyar jama'a, shi ya sa aka shirya shi Cohan na zaune gaban Shugaba Roosevelt yana ba shi labarin kansa.

To amma duba gyaran da aka yi wa kaya. Fim ya ce an haife shi 4 ga Yuli, ranar 'yancin Amurka. Takardar coci ta ce 3 ga Yuli 1878. Wannan ƙarami ne, kwana ɗaya, su ma iyayen haka suke faɗa. Babba shi ne aure. Cohan ya yi aure sau biyu. Matarsa ta farko, Ethel Levey, 'yar wasa ce da ta hau daɓe tare da su lokacin da ake fafutuka, suka rabu a 1907, ya auri Agnes Nolan. Fim ya share su duka, ya ƙirƙiro mace guda mai suna Mary, 'ya'yansa huɗu ma ba a nuna ko ɗaya ba. Ethel ta kai kamfanin Warner kotu, ta faɗi, domin kotu ta ga matar cikin fim ba ita ba ce. Ka ji fa. An goge ta sosai har ba ta da hurumin yin ƙara. Haka kuma yajin aikin 'yan wasa na 1919, inda Cohan ya tsaya tsayin daka a ɓangaren masu gidajen wasa, ya ɓata da abokan sana'arsa, fim bai ce uffan ba. Mutumin yana raye lokacin da ake shirya shi, yana da ta cewa a kan labarin. Ya rasu a Nuwamban 1942, 'yan watanni bayan fitowarsa.

Ban cika ganin laifinsu ba, don mu ma mun iya wannan. Babban Alhaji ya rasu a zango, a taru ana ba da tarihinsa: ya zo da jaka ɗaya, Allah Ya buɗa masa. Uwargidan da ta sayar da kayan ɗakinta ta ba shi jari, da maigidan da ya sauke shi shekara uku bai karɓi ko sisi ba, da karayar da ya yi sau biyu, duk sun ɓace. Yara su taso suna zaton arziki daga sama ya faɗo wa babansu, ranar da nasu jarin ya karye su ɗauka su kaɗai aka taɓa yi wa.

Abin da ya fi ba ni haushi a finafinan nan shi ne yadda suke nuna samuwar waƙa. Mutum na zaune, ruwan sama na ɗiga, ko ya ga wata kyakkyawa ta wuce, sai ya ruga kan fiyano, kafin ka ƙifta ido waƙa ta haɗu. Alhali kuwa sana'ar kasuwa ce sosai. Kafin rediyo ya yaɗu, waƙa a takarda ake buga ta a sayar, mutane su saya su je su kaɗa a fiyanon gidansu. Kamfanonin buga takardun sun taru a layi guda a New York, ana kiran wurin Tin Pan Alley, kamar dai yadda 'yan atamfa ke da layinsu. Kowane kamfani na da 'yan talla, yaran da ke wuni a ɗan ƙaramin ɗaki suna kaɗa waƙoƙin kamfani ga mawaƙan da suka zo zaɓe.

George Gershwin da wannan tallan ya fara. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Rasha, an haife shi a 1898. Yana da shekara 15 ya bar makaranta ya kama aiki a kamfanin Remick kan dala 15 a mako. Ubansa kuwa irin namu ne, yau gidan burodi, gobe gidan abinci, jibi gidan wanka, kuma duk inda sana'a ta koma sai iyali su kwashe kaya su bi, har sun sauya gida fiye da sau 20. Gershwin ya rasu a 1937 yana da shekara 38, ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa, bai taɓa aure ba. Da aka zo yin fim ɗinsa, Rhapsody in Blue na 1945, sai aka ƙirƙiro masa 'yan mata biyu da ba su taɓa wanzuwa ba don a sami soyayyar cika kwali.

Ga wani abu da ya kamata iyaye su sani kafin su kunna wa yara. A fim ɗin Gershwin, mawaƙi Al Jolson ya fito ya shafe fuskarsa da baƙi yana kwaikwayon baƙar fata, kuma akwai irin wannan a gurguje a na Cohan. Tsohuwar al'adar daɓen Amurka ce ta mai da baƙin mutum abin dariya, a daidai lokacin da kiɗan nasu ke ɗiba daga kiɗan baƙaƙen. Ni ban ce a kashe ba. Cewa na yi a tsayar a yi wa yaro bayani, kada ya yi dariya bai san da wa ake ba. Akwai kuma raye-rayen da shigar matan ba ta zaman falo da surukai ba ce, a riƙe rimot a hannu.

Mafi wayo a cikinsu, Irving Berlin, ba a yi masa irin wannan fim ba. Ya shigo Amurka daga ƙasar Rasha a 1893 yana ɗan shekara biyar, ya yi tallan jarida, ya yi sabis a gidan abinci yana waƙa. Da ya sami ƙafa sai ya buɗe kamfanin buga waƙoƙinsa da kansa, ya riƙe haƙƙin mallakarsu. Ya sayar wa Hollywood waƙoƙi fim bayan fim, tarihinsa kuwa ya bar shi a aljihu har ya rasu a 1989 yana da shekara 101.

Wanda kuma yake son ɗanɗanawa ba tare da ya biya ba, ya nemi Till the Clouds Roll By na 1946, tarihin Jerome Kern, wanda ya tsara kiɗan wasan Show Boat na 1927. Kern ya rasu a 1945 ana cikin aikin fim ɗin. Rayuwarsa ba ta da hayaniyar da za ta cika awa biyu, sai aka ƙirƙiro masa wani amini da 'yarsa suka ɗauki rabin labarin. A ƙarshe aka sa Frank Sinatra cikin farar kwat ya rera waƙar da aka rubuta don bakin baƙin lebura mai dakon kaya a bakin kogi. Ga shi kuwa akwai labari mai daɗi da suka tsallake. Masu tarihinsa suna cewa ubansa, ɗan kasuwa da ya yi ƙaura daga Jamus, ya so yaron ya gaje shi, ya aike shi ya sayo fiyano biyu, yaro ya sa hannu a takardar ɗari biyu. Daga nan uban ya sallame shi ya je ya yi kiɗansa. Shi kuma kamfanin MGM, da duk lauyoyinsa, bai sabunta takardar mallakar fim ɗin ba da wa'adinta ya cika, shi ya sa yau yake kwance a YouTube kyauta, kuɗin data kawai za ka kashe.